Sunan Makaranta Ko Nauyin Bashi: Zaɓar Wa Ɗa Jami'ar Koyon Wasan Daɓe Mai Waƙa a Amurka

A farkon watan Fabrairu na kowace shekara, otal ɗin Palmer House da ke tsakiyar birnin Shikago yakan cika ya batse da 'yan shekara 17 da 18. Kowanne na rungume da fayil ɗin takardun waƙa da hoton fuskarsa wanda aka manna wa taƙaitaccen tarihinsa a baya. Wasu na gyaran murya a lungun matakala, wasu na miƙe ƙafa a jikin bango, iyaye kuwa na zaune a kan kafet riƙe da jakunkuna da gorar ruwa. Jami'o'i da dama ne suke kama ɗakuna a otal ɗin na 'yan kwanaki domin tantance masu neman gurbin koyon wasan daɓe mai waƙa da rawa, kamar yadda suke yi a Niyok da Los Angeles tsakanin Janairu da Fabrairu. Yaro zai shiga ɗaki ya tarar da malamai biyu ko uku a bayan teburi, ya rera yankin waƙa biyu da kowanne bai wuce minti ɗaya ba, ya yi ɗan jawabin wasa shi kaɗai, a ce masa an gode, ya fito. A kan waɗannan 'yan mintuna iyalai suke ɗora shawarar da za ta iya lashe dala 300,000 cikin shekara huɗu, kuma mafi yawansu tambaya ɗaya ce a bakinsu: wace makaranta ce ta fi suna? A ganina tambayar ta zo a baibai. Wadda ta dace ita ce, a ina yaron zai sami horo na gaske, ya fito ba tare da bashin da zai hana shi yin sana'ar da ya koya ba? Suna yana da ranarsa, zan zo kansa, amma a wannan fage nauyin bashi ya fi shi iko a kan inda yaro zai tsinci kansa bayan shekara goma.

Wanda ya saba da fina-finan Kannywood zai ɗauka ya san wasa mai waƙa, amma da bambanci babba. A fim ɗin Hausa mawaƙi ne yake shiga situdiyo ya rera, jarumi ya zo ya bi da baki a gaban kyamara, in an yi kuskure a sake ɗauka. A dandalin Broadway, cibiyar wasannin daɓe ta birnin Niyok, mutum ɗaya ne zai yi wasan, ya taka rawar, ya rera waƙar da muryarsa a gaban jama'a kai tsaye, sau 8 a mako, wani lokaci shekara guda cur ba fashi. Salon ya kafu ne da wasanni irin su Show Boat na 1927 da Oklahoma! na 1943, inda waƙa ta daina zama abin cike gurbi ta koma ita ke jan labarin. An daɗe ana koyon sana'ar a bakin aiki, wajen malaman murya da na rawa masu zaman kansu. Sai a 1968 sashen kiɗa na Jami'ar Cincinnati a jihar Ohio ya buɗe digiri na musamman a kanta. Pamela Myers, wadda ta fara kammala shi a 1969, shekara guda bayan nan tana cikin wasan Company na Stephen Sondheim, har sunanta ya shiga cikin masu takarar Tony, babbar kyautar wasannin Broadway. Yau jami'o'in da suke ba da irin wannan digiri a Amurka sun haura 100. Makarantu sun ninka, ɗalibai sun ninka, amma gidajen wasan Broadway 41 ne.

Duk lissafin da za a yi daga wannan kasuwa ya kamata ya fara. Kuɗi yana shiga Broadway, ba shakka: a kakar 2018 zuwa 2019 an sayar da tikiti na dala biliyan 1.83 ga 'yan kallo kusan miliyan 15. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan daɓe, Actors' Equity, wadda aka kafa a 1913, ta ƙulla yarjejeniyar da ta sa mafi ƙarancin albashin ɗan wasan Broadway ya haura dala 2,400 a mako. Wannan adadin ne yake ruɗar iyaye, domin suna ninka shi da mako 52. Mambobin ƙungiyar sun haura 50,000, kuma rahotannin da ta fitar a shekarun da suka gabaci annobar korona sun nuna cewa waɗanda suka sami ko da aikin mako guda a shekara ba su kai rabi ba. Su ma masu aikin, in aka raba daidai, wajen wata huɗu suke yi a bakin aiki, kuma in aka jera su daga mai ƙaramin samu zuwa babba, na tsakiyar layi bai kai dala 10,000 a shekara ba. Akasarin ayyukan ma ba a Broadway suke ba, suna gidajen wasa na jihohi, da ayarin da ke zagaya birane, da jiragen ruwa na 'yan yawon shaƙatawa, inda albashi ya yi ƙasa sosai. Sannan sana'a ce da za ta iya tsayawa cak a dare ɗaya: an rufe Broadway ranar 12 ga Maris 2020, manyan wasanni ba su dawo ba sai Satumban 2021.

Ta yaya ake samun aikin? Ta gwaji, irin wanda aka yi wa yaron a otal, kuma haka za a ci gaba da yi masa har ya tsufa. Mai zaɓen 'yan wasa yana kallon sunan makaranta a bayan hoto na daƙiƙa kaɗan, sannan ya ɗaga kai ya saurari murya. Likita ko lauya ba ya aiki sai da takardar shaida, ɗan wasa kuwa babu dokar da ta ce sai ya taɓa shiga aji. A dubi waɗanda suka fara buga Hamilton a Broadway a 2015, wasan da ya kwashe kyautar Tony 11. Leslie Odom Jr. da Renée Elise Goldsberry sun fito daga Carnegie Mellon, ɗaya daga cikin makarantun da ake rububi. Phillipa Soo ta yi Juilliard, wadda ba ta ma da digirin wasa mai waƙa. Daveed Diggs ya yi Jami'ar Brown. Anthony Ramos da Christopher Jackson sun bi ta AMDA, makarantar koyon sana'a da ke Niyok. Okieriete Onaodowan, ɗan wasu 'yan Najeriya da aka haifa a Newark, ɗan gajeren zama ya yi a Rutgers. Jonathan Groff ya sami gurbi a Carnegie Mellon bai je ba, ya bi ayarin wasa. Shi kansa marubucin, Lin-Manuel Miranda, digirin gama-gari ya yi a Wesleyan, ya gama a 2002, kuma yana aji biyu a can ya rubuta zubin farko na In the Heights. Hanyoyi daban-daban har bakwai suka haɗu a dandali ɗaya.

Yanzu a duba farashi. A jami'o'i masu zaman kansu irin su Jami'ar Niyok (NYU) da Carnegie Mellon, kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai sun haura dala 80,000 a shekara ga wanda bai sami rangwame ba. Jami'ar Michigan ta gwamnatin jiha ce, amma ga wanda ba ɗan jihar ba farashinta ya kusa kamo nasu. Bashin da gwamnatin tarayya take ba ɗalibi da sunansa yana da iyaka: dala 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 a kowace daga cikin biyun ƙarshe, jimilla 27,000. Wanda ya ci wannan a kan ruwan kashi 6.5 cikin ɗari zai riƙa biyan kusan dala 300 a wata har shekara goma. Abin da nauyi, amma yana ɗaukuwa. Masifar tana cikin giɓin da ya rage, wanda iyaye suke cikewa da bashin gwamnati na iyaye, wato Parent PLUS, ko na banki. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ruwan Parent PLUS ya kai kashi 9.08, bayan kashi 4 da 'yan kai da ake zaftarewa tun kafin kuɗin su isa makaranta, kuma ba a duba ko albashin uba zai iya ɗauka, tarihin bashinsa kawai ake dubawa. Dala 100,000 a kan wannan ruwa tana nufin biyan kusan 1,270 kowane wata na shekara goma, a ƙarshe an biya fiye da 150,000. Irin wannan bashi da wuya kotu ta yafe shi ko da mutum ya karye. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ƙayyade Parent PLUS a dala 20,000 a shekara da 65,000 gaba ɗaya ga kowane ɗalibi daga Yulin 2026, amma farashin makarantu bai sauka ba, don haka masu naci za su koma bankuna, inda sharuɗɗa suka fi tsauri. Ga iyalin Musulmi kuwa, tun kafin a kai ga lissafi akwai maganar riba, wadda ita kaɗai ta isa ta sa a nemi hanyar da ba ta bi ta bashi ba.

Wani zai ce ai kowane digiri da bashi ake yinsa a Amurka. Haka ne, amma bashi ba ya yi wa kowace sana'a ɓarna iri ɗaya. Injiniyan da ya gama yakan sami albashin wata-wata ya riƙa biya. Ɗan wasa sabon fitowa jarinsa lokaci ne. Da rana ake gwaji, wani lokaci tun asuba ake bin layi don sa suna, saboda haka yana buƙatar aikin dare ko na sa'o'i, hidimar gidan abinci ko koyar da yara, wanda zai iya ajiyewa in an kira shi. Yana buƙatar ya iya karɓar wasan wata biyu a wani ƙaramin gari a kan albashi kaɗan, domin a nan ne darakta zai gan shi ya tuna da shi gobe. Yana buƙatar ci gaba da biyan malamin murya da ajin rawa, ga kuɗin haya a Niyok. Wanda ake jira ya kawo dala 1,200 duk wata ba zai iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Dole ya kama aikin ofis na safe zuwa yamma, daga nan kuma gwaji ya wuce shi. Shekaru biyar zuwa goma na farko su ne ake gina suna a cikinsu, kuma su ne daidai shekarun da bashin yake cinyewa. Da yawa daga cikin waɗanda suka bar sana'ar ba rashin baiwa ne ya kore su ba, rashin halin jira ne. Idan kuma uban ne ya ci bashin da sunansa, to an ɗauke nauyin daga kan yaro an ɗora a kan kuɗin tsufan iyaye da karatun ƙanne.

Hujja mafi ƙarfi da masu bin suna suke kawowa ba ta wasa ba ce. A daren Tony na 2016 baƙaƙen fata ne suka kwashe kyaututtuka huɗu na 'yan wasa mai waƙa, kuma biyu daga cikinsu 'yan Carnegie Mellon ne, makarantar da ta fara ba da digirin wasan kwaikwayo a Amurka tun 1914. Benj Pasek da Justin Paul, marubutan waƙoƙin Dear Evan Hansen, a Michigan suka haɗu suna ɗalibai. Manyan makarantu suna kai 'yan ajin ƙarshe bajekoli a Niyok, wakilan 'yan wasa su cika ɗakin, yaro ya fito da wakili tun kafin ya karɓi takardarsa. Tsofaffin ɗalibai kuma suna jan na baya. Duk wannan gaskiya ne, sai dai a lura da abu biyu. Na farko, Carnegie Mellon kimanin mutum 12 take ɗauka a wannan fanni a shekara daga cikin dubban masu nema. Makarantar da ta tace dubbai ta zaɓi 12 ta riga ta kwashi waɗanda ko ina suka je za a ji labarinsu, don haka nasararsu ba duka ta aji ba ce. Jerin da mujallar Playbill take fitarwa na jami'o'in da suka fi yawan tsofaffin ɗalibai a Broadway, wanda NYU ta saba zama a samansa, yana ƙirga waɗanda suka kai ne kawai, ba ya faɗin mutum nawa suka shiga suka biya ba su kai ba, kuma NYU ɗalibanta suna da yawan gaske. Na biyu, bajekoli yana buɗe ƙofar farko ce, ba ya riƙe ta a buɗe. Tun bayan korona ma sau da yawa zagayen farko na gwaji yakan zama bidiyon da mutum zai ɗauka a ɗakinsa ya tura. Ba cewa nake a guji babbar makaranta ba. In ta ɗauki yaro, kuma tallafin da ta bayar ya sauko da farashin zuwa inda iyali zai iya, a tafi da gudu, domin wasu makarantu masu arziki sun fi ƙanana sakin hannu ga mai ƙaramin ƙarfi. Tun 2011 doka ta tilasta wa kowace jami'a ta sa manhajar lissafi a shafinta, inda iyaye za su shigar da samunsu su ga kimanin abin da za su biya da gaske. Wannan adadin ne abin kwatantawa, ba wanda aka buga a talla ba.

To in ba suna ba, me ake saye? Malami da sa'o'in horo. Jami'ar Oklahoma City ba ta cikin sunayen da iyaye suke fara ambata, amma Kristin Chenoweth da ta ci Tony a 1999 da Kelli O'Hara da ta ci a 2015 duk a can suka yi, kuma a hannun mace ɗaya, Florence Birdwell, wadda ta koyar da murya a can fiye da shekara sittin. Murya ba ta koyuwa a babban zaure, sai ɗalibi da malami da fiyano a ƙaramin ɗaki, mako bayan mako. Don haka tambayoyin da suka fi amfani ƙanana ne. Minti nawa yaro zai samu shi kaɗai da malamin murya a mako, 30 ko 60? Malamin na dindindin ne, ko ɗalibin digiri na biyu ne da zai tafi baɗi? Kuɗin darasin yana cikin kuɗin makaranta ko daban ake biya? Ajin rawa an raba shi hawa-hawa, ko wadda ta fara bale tun tana shekara huɗu aji ɗaya take da wanda bai taɓa ɗaga ƙafa ba? Wasa nawa ake shiryawa a shekara, kuma 'yan digirin farko suna samun manyan matsayi ko 'yan digiri na biyu ne suke kwashewa? Ana sallamar wasu ɗalibai bayan aji ɗaya ko biyu, al'adar da makarantu da yawa suka daina amma ba ta mutu ba? Sai maganar lafiyar maƙogwaro, wadda iyaye ba sa tunawa. Salon waƙar zamani yana son ɗaga murya da ƙarfi, kuma malamin da bai san aikinsa ba zai iya jawo wa yarinya ƙulli a igiyar murya tun tana shekara 19. Shahararriyar mawaƙiya Julie Andrews da duk ƙwarewarta ta rasa muryar waƙarta bayan tiyatar maƙogwaro a 1997. Makarantar da ke da alaƙa da likitan murya, take duba ɗalibai tun shigowarsu, ta san abin da take yi.

Za a ce araha ba ta ado. A nan maganar ba ta cika zama daidai ba, domin sauƙin kuɗin jami'ar jiha daga harajin jama'a yake fitowa, ba daga rage horo ba. Florida State da Penn State da Texas State da Montclair State a New Jersey duk suna da sassan da masu sana'ar suke girmamawa, shigarsu ma ba wasa ba ce. A jihar Niyok, inda Hausawan Bronx suke, galibi 'yan zangon Ghana da 'yan Nijar, kuɗin karatu a jami'o'in gwamnatin jihar (SUNY) ga ɗan jiha dala 7,070 ne a shekara ban da ɗaki da abinci, kuma rassan Buffalo da Fredonia suna da wannan digiri. A Texas kuwa doka ta yarda baƙon da ya ci tallafin gasa na aƙalla dala 1,000 ya biya farashin ɗan jiha. Tsada ma ba ta tabbatar da komai. University of the Arts da ke Philadelphia, makaranta mai zaman kanta mai dogon tarihi, ta rufe ƙofa ranar 7 ga Yunin 2024 bayan sanarwar mako guda, ta bar ɗalibai suna neman inda za su ƙarasa. Ƙaramar makarantar da kuɗin ɗalibai ne kaɗai ke riƙe da ita, ɗalibanta kuma suna raguwa, ta cancanci a bincike ta kafin a biya sisi.

Akwai kuma zaɓi tsakanin digiri biyu. BFA horon sana'a ne, wajen kashi biyu cikin uku na darussan duk wasa ne da murya da rawa, daga safe har atisayen dare. BA kuwa fannin wasa bai kai rabin darussa ba, sauran a buɗe suke ga tarihi ko kasuwanci ko kwamfuta. Iyaye da yawa suna matsa wa yaro ya haɗa BFA da wani fannin na ko-ta-kwana, abin da jadawalin makarantu da yawa ba ya bari. Ni ban ga laifin ko ɗaya ba, in dai an dubi halin yaron. Wanda tun yana ƙarami ba ya ganin komai sai dandali, kuma jikinsa na jure horo, BFA ta dace da shi, digirinsa kuma digiri ne: makarantun lauyoyi a Amurka suna karɓar kowane irin digirin farko. Wanda yake son rubutu ko shirya wasa, ko yake da shakka, BA ta fi masa, domin wanda ya bar BFA a tsakiya yakan tarar darussan rawa da murya ba sa ƙirguwa a sabon fanni, sai ya ƙara shekara, wato ya ƙara kuɗi. Kariyar da ta fi digiri na biyu ita ce fita da bashi kaɗan, domin mai shekara 27 da ba a binsa komai yana iya komawa makaranta ya koyi wani abu.

Uba Bahaushe yana da wata tambayar da ta riga duk waɗannan: ya ma dace a bar ɗa, balle 'ya, a wannan hanya? Wannan hukunci na gida ne, kuma ba mai yanke shi daga waje. Amma a yanke shi da sanin abin da ke ciki. Ajin rawa da matsattsun kaya ake yinsa, maza da mata suna riƙe juna, wasu wasannin suna da sumba, atisaye ba ya tsayawa don Juma'a, kuma azumi yana iya faɗowa a tsakiyar makon wasa. A 'yan shekarun nan makarantu da dama sun ɗauki ƙwararrun da ke tsara duk fitowar da ta shafi taɓa jiki tare da neman yardar ɗan wasa, wasu kuma suna da rubutacciyar ƙa'idar da ta ba ɗalibi damar ƙin matsayin da ya saɓa wa imaninsa. A nemi ganin ƙa'idar a rubuce, a kuma tambayi ɗaliban da ke ciki ko ana aiki da ita. Yaro baƙar fata ya dubi hotunan wasannin shekara uku da suka wuce ya ga su wa ake ba jagoranci. Jami'ar Howard a Washington, wadda aka sani da ɗalibai baƙaƙen fata, aka kuma sa wa tsangayarta ta fasaha sunan jarumin fim Chadwick Boseman a 2021, tana da nata digirin. Iyalin da ba su yarda da hawa dandali ba kuma su sani bayan labule akwai sana'o'i: kula da tafiyar wasa, haske, sauti, tsara sutura, waɗanda aikinsu ya fi na ɗan wasa ɗorewa.

Neman gurbin kansa yana cin kuɗi kafin a ga ko aji ɗaya. Yawancin makarantu suna fara neman bidiyo a kaka, sai wanda ya tsallake a gayyace shi gwaji ido da ido. Tun 2019 makarantu da yawa suka amince da ƙa'idar bidiyo ta bai ɗaya, abin da ya rage wahala. Yaro yana buƙatar karɓuwa biyu, ta jami'a bisa sakamakon jarrabawa da ta sashen wasa bisa gwaji, kuma samun ɗaya ba ya jawo ɗayar. Saboda ƙarancin gurabe iyalai kan nemi makarantu goma sha wani abu, kowace da kuɗin fom da na gwaji, ga jirgi da otal da masu horarwa na kuɗi. Jerin da aka gina da hankali dole ya ƙunshi aƙalla makaranta ɗaya da ba ta gwaji, wadda yaron zai shiga da sakamakonsa, iyali su iya biya, shi ma ya yarda zai zauna a cikinta ba da ƙunci ba.

Wasu iyayen suna jin kawo maganar kuɗi kamar kashe wa yaro guiwa ne, sai su yi shiru har takardun karɓa su iso a Maris, yaro ya riga ya sayi riga mai sunan makarantar da yake mafarki, sannan a ce masa ba hali. A nan ne ake yin kuka, kuma a nan ne uba yake sa hannu a kan bashin da ya san ya fi ƙarfinsa don kada ya ga hawaye. Faɗin adadi tun watan Agusta, kafin a cike fom ko ɗaya, ya fi tausayi: ga abin da gidan nan zai iya bayarwa a shekara, ga iyakar bashin da muka yarda da shi, nemi duk inda kake so, amma inda lissafi ya faɗa cikin wannan za ka je. Yaron da zai shiga sana'ar da za a riƙa ce masa a'a sau da yawa fiye da e zai iya jin wannan daga bakin mahaifinsa.

Ga wanda zai turo ɗa daga Kano ko Yamai ko Kumasi, lissafin ya ƙara tsauri. Baƙo ba ya samun tallafi ko bashin gwamnatin Amurka, sai ya nuna shaidar kuɗin shekara guda kafin makaranta ta ba shi takardar neman biza, aikin da aka yarda ya yi lokacin karatu sa'a 20 ne a mako a cikin makaranta, bayan kammalawa kuma wata 12 yake da su na aiki a fanninsa kafin ya nemi bizar masu baiwa ta musamman, wadda ke buƙatar shaidar ya riga ya yi fice. Ƙofar ma tana iya rufuwa ba zato, kamar yadda aka yi wa 'yan Chadi da Sudan a Yunin 2025. Sassan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Ibadan da Jos da Legon a Ghana, ba salon Broadway suke koyarwa ba, amma suna ba da tushe a kan kuɗin da bai kai kaso kaɗan na wancan ba, kuma wanda ya nuna kansa a can yana iya neman digiri na biyu a waje, inda wasu jami'o'i suke ɗauke wa ɗalibi kuɗin makaranta a madadin koyarwa.

Takardun tallafi suna isowa a Maris da Afrilu, kuma a al'ada ranar 1 ga Mayu ake ba da amsa. Makarantu da yawa suna jera bashi a layi ɗaya da kyauta a ƙarƙashin sunan taimako, har jimillar ta yi kamar an biya komai. Sai a ɗauki biro a soke duk layin da za a mayar da kuɗinsa, a soke na aikin da ɗalibi zai yi a makaranta tunda ba a riga an same shi ba, abin da ya rage shi ne rangwamen gaskiya. A tambaya ko kyautar ta shekara huɗu ce ko ta shekarar farko, wane maki ake buƙata don ta ci gaba, ko tana tashi in kuɗin makaranta ya tashi, da kuma ko tana bin yaron in ya sauya fanni. Idan wata makarantar ta ba da fiye da haka, a tura wa ofishin tallafi kwafin takardarta tare da wasiƙar neman a sake dubawa, a kuma sanar da shugaban sashen wasa, domin shi ne ya ga yaron a ɗakin gwaji, kuma a wasu makarantun yana da ta cewa a kan kuɗin da ake ware wa masu baiwa.